Akwalar da Kuke Yi wa Dariya Ta Fi Taku Daɗin Tuƙi

Ranar wata Asabar da la'asar ina kan layi a wani gidan mai da ke hanyar Jos, a nan cikin Bauchi, sai ga wani dattijo ya shigo da tsohuwar Marsandi mai ƙofa biyu, irin 280 CE ɗin nan da aka fara ƙerawa a 1977. Ruwan madara ce, fes da ita, ko ƙwarzane babu a jikinta. Injin na kaɗawa a hankali, ba tari ba hayaƙi. Na saki baki ina kallo.

Wasu samari da ke jingine da wata baƙar mota mai baƙin gilashi suka bushe da dariya. Ɗayansu ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Baba, ai wannan akwalar gidan tarihi ya kamata a kai ta." Dattijon ko kallonsu bai yi ba. Ya sha mansa, ya biya, ya ba ta wuta, ya kama gabansa.

Rashin kunyar yaran daban, wannan aikin iyayensu ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka taru muka yarda cewa darajar mota ba ta wuce shekarar da aka ƙera ta da yawan kuɗin da aka zube wa dillali ba. Da ta tsufa, shi ke nan, mai ita ya zama abin tausayi.

Matsayina a fili yake. In dai maganar daɗin tuƙi ake yi, wato mutum ya shiga mota ba don yana sauri zuwa wani wuri ba sai don tuƙin kansa, to tsofaffin motoci, musamman marasa nauyin nan na gudu masu giyar hannu, sun fi na zamani nesa ba kusa ba. Ban ce sun fi tsare rai ba. Ban ce sun fi sauƙin mai ba. A waɗannan wuraren masu suka suna da gaskiyarsu, kuma zan ba su ita.

Kai ke tuƙi ko tuƙa ka ake yi?

Duk wanda ya koyi mota da tsohuwar Fijo ko Datsun ya san abin da nake nufi. Da asubar hunturu sai ka ja cok, ka ɗan taka totur, ka murɗa makulli, ka kasa kunne. Injin da kansa zai gaya maka lokacin da ya yi ɗumi. Sitiyarin da nauyi in motar na tsaye, sai ka sa ƙarfi, amma da ta fara mirginawa sai ya saki, kuma daga nan duk abin da tayoyin gaba suka taka sai ya iso tafin hannunka. Kwalta mai santsi, tsakuwa, yashin da ruwan sama ya zubo a kan kwana, kowanne da yadda ake jin sa. Kafin taya ta zame, hannunka ya riga ya samu labari.

Ga giya kuma. Kana tunkarar hawan Panshanu a hanyar Jos, ka ji muryar inji ta fara nauyi, ka taka kuloci, ka ɗan bugi totur don injin ya daidaita da gudun taya, ka sauko daga ta huɗu zuwa ta uku, motar ta miƙe ko gezau. In ka yi daidai, kai kaɗai ka sani, kai kaɗai kuma za ka ji daɗin abinka. In ka kuskure, giyar za ta yi maka kururuwa a gaban duk wanda ka ɗauko. Motar ba ta rufa wa direba asiri. Shi ya sa direbobin zamanin da ke alfahari da hannunsu, kuma fasinja a tasha ya san wanda ya iya da wanda ke lalube.

Shiga ta yau ka gani. Totur ɗin da kake takawa babu wata wayar ƙarfe da ta haɗa shi da inji. Saƙo kawai kake aika wa kwamfuta, ita ke yanke shawarar yawan man da za ta saki. Sitiyarin lantarki ke taimaka masa, an tace motsin hanya kafin ya iso gare ka. Giya na canza kanta, kuma gaskiya ta fi kowane ɗan Adam saurin canzawa. In ka shiga kwana da ganganci, kwamfutar za ta kama birkin taya guda, ta rage wa inji wuta, ta daidaita ka, ka fito kana jin kai gwani ne alhali ɗaukar ka aka yi aka tsallakar. Har ƙarar injin ma a wasu motocin ta lasifika ake ƙara ta. BMW ta yi haka a M5 ɗin da ta fitar a 2011: an toshe ɗakin motar sosai har direba ba ya jin injinsa yadda ya kamata, sai aka koma kunna masa kwaikwayo.

Masu kuɗin Turai da Amurka da kansu sun gane abin da aka raba su da shi. Ferrari da Lamborghini sun daina sayar da mota mai giyar hannu sama da shekara goma ke nan. Porsche ma a 2013 ta fitar da 911 GT3 da otomatik kaɗai, ta ce ta fi sauri, kuma ta fi ɗin. Masu saye suka yi ta ƙorafi har sai da ta dawo musu da giyar hannu a 2017. Mutum ya zuba maƙudan kuɗi a ba shi wadda ta fi jinkiri da 'yar daƙiƙa, don kawai yana so shi ne zai yi aikin.

Mu da muke da hawan Sallah bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Babu wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan Daushe ya ce wa mahayi babur ya fi dokinsa sauri. Kowa ya san ya fi shi. Ana kashe wa doki dawa da harawa da kanwa ne saboda abin da ke gudana tsakanin linzami da hannun mai hawa.

Gudun da babu inda za a yi shi

Mai motar zamani zai ce, "To ai tawa ta fi gudu." Ta fi. Porsche 911 ta farko, wadda ta shiga kasuwa a 1964, ƙarfin doki 130 gare ta, nauyinta kuma ya ɗan haura kilo 1,000. Jikanyarta 911 Turbo S ta 2020 ƙarfin doki 650 ne, nauyi sama da kilo 1,600, tana kai kilomita 100 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa 3, in aka ƙure mata maleji kuwa har 330.

To a ina?

Dokar hanya a Najeriya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 100 a kan manyan tagwayen hanyoyi. Wato kafin ka gama jan numfashi ka karya doka, motar kuwa ko farkawa daga barci ba ta yi ba. A ajiye dokar ma a gefe, a dubi hanyar. Daga Bauchi zuwa Gombe, ta Dindima da Alkaleri, da wa kake raba kwalta? Tireloli ɗauke da siminti daga Ashaka, tankokin mai, garken shanu da ke tsallakawa ba sallama, yara masu talla a bakin kowane ƙauye, ga rami inda ba ka zata ba. A cikin gari kuwa, tudun da ake yi wa titi don rage gudu kaɗai ya isa ya yage wa motar gudu ta zamani haɓa, don ƙasa take kamar za ta lashi kwalta.

Tsohuwar motar gudu tayoyinta sirara ne, jikinta ba nauyi, ƙarfinta daidai misali. Datsun 240Z da ta fito a 1969 silinda 6 gare ta, lita 2.4, ƙarfin doki wajen 150. Za ka ja ta a giya ta biyu da ta uku, ka ji injin ya buɗe murya, ka ji bayanta na neman ɗan karkacewa a kwana, duk kana cikin gudun da hankali zai ɗauka. A kilomita 70 cike take da rai. Sabuwar kuwa a 120 kamar kana zaune a falo. Don ka ji wani abu sai ka ƙara wuta, in ka saba da wannan sai ka sake ƙarawa.

A ganina wannan na cikin abin da ke kai samarinmu ga wasan mota a bikin aure, ana juyi da ƙona taya a tsakiyar unguwa har a kwashe ƙafar wani. Motar da ke hannunsu ba ta ba su komai a gudun hankali, sai su je neman daɗin a inda ajali yake.

Japanawa sun gane wannan tun tuni. A 1989 Mazda ta fitar da MX-5, 'yar ƙarama mai kujera biyu, nauyinta wajen kilo 1,000, ba wani ƙarfin kirki, an gina ta a kan tsarin ƙananan motocin Ingila na shekarun 1960. Zuwa 2016 ta ƙera guda miliyan ɗaya. Ba gudu mutane suka bi ba.

"Ai za ta kashe ka"

Nan kam babu musu, kuma ina so 'yan uwana masu son tsofaffin motoci su daina yaudarar kansu. Za ka ji mutum na bubbuga bodin tsohuwar mota yana cewa, "Ƙarfen da ke nan, na yanzu ai gwangwani ne." Ƙarfen da mai kauri ne, gaskiya. Amma mota ta yanzu da gangan ake ƙera gabanta ya lotse, don ƙarfen ya shanye bugun maimakon ƙirjin direba.

A 2009 wata cibiyar gwajin haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, mai kama da tankar yaƙi, ɗakinta ya murƙushe a kan mutum-mutumin da aka zaunar a kujerar direba. Ɗakin sabuwar ya tsaya kusan yadda yake. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu sai a 1959 Volvo ta kawo shi. Birkin da ba ya kulle taya, irin wanda lantarki ke sarrafawa, sai a 1978 Marsandi ta fara sa shi, jakar iska kuma a farkon shekarun 1980. Duk motar da ta girmi waɗannan, ko wadda ba a sa mata su ba, kai ne kariyar kanka a cikinta.

Don haka ban ce wani ya ɗebi mata da yara a motar 1975 ya kama hanyar Ningi zuwa Kano da dare ba. Wannan aikin sabuwar mota ne, Allah ya hore wa kowa. Tsohuwar ta safiyar ranar hutu ce, a hanyar da ka sani, da sabbin tayoyi, da birkin da aka duba, da bel na ƙwarai ko da sai an sa mata daga baya. Abu ɗaya dai zan ƙara: mai tsohuwar mota yana jin gudun a jikinsa, yana kuma tsoronsa. Yawancin motocin da muke gani a kife a gefen hanya ba 'yan 1975 ba ne.

Mai, zafi da gyara

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita sai an yi tunani. Kabureta ta fi injin zamani shan mai, babu ja. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi kuma, a motar da iskarta ita ce sauke gilashi, ba abin wasa ba ne. Na yarda da duka biyun. Amsar dai guda ce: ba ita ce ta zuwa ofis kullum ba.

Gyara ne inda ban yarda ba.

Akwai wani tsohon bakanike da nake kai wa mota, wanda ya koyi aiki tun zamanin da Fijo 504 ke cika tasha. Na taɓa tsayawa a kansa yana daidaita kabureta. Bai jona komai a jikin motar ba. Ya sa yaronsa ya tayar, ya duƙa da sukuddireba, ya karkata kai gefe ɗaya kamar mai sauraron raɗa. Ya murɗa ɗan ƙusan kaɗan, injin ya fara rawar ɗari. Ya dawo da shi baya, ya ƙara rabin juyi, sai ƙarar ta kwanta sumul. Ya zare fulogi ɗaya ya duba bakinsa. "Ka ga ya yi baƙi? Mai ya yi mata yawa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, to ta ƙoshi daidai." Ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya mayar, ya ce in je in dawo. Abin da na ba shi bai kai kuɗin cin rana na mutum biyu ba.

Je ka da ta zamani fitila ta kama a dashbod. Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya sai an jona na'ura, sai ka biya kuɗin jonawar. Na'urar ta ce sensa kaza ce. A canza, fitilar ta mutu, bayan sati ta dawo. Daga nan a ce birenbos ne, wato kwamfutar motar, sai an aiko daga Legas. Ba laifin motar ba ne kacokan, an ƙera ta ne don ƙasar da ke da tsaftataccen mai da garejin kamfani a kowane gari. Amma mu a nan muke. Tsohuwa in ta mutu maka a daji tsakanin Darazo da Kari, da sifana da fulaya da ɗan sani za ka iya kai kanka gari, in batir ne ma a tura ta tashi. Otomatik ko turin ba ta karɓa.

Kayan gyara ma ba su ƙare ba. Na Fijo da tsofaffin Marsandi ana samu a Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sai dai a yi hattara da jabu. Abin da ke ƙarewa shi ne masu hannun. Yaran gareji na yanzu ba sa son koyon kabureta, sun ce ba kasuwa, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Duk tsohon bakaniken da ya kwanta dama, da kunnensa yake tafiya.

"Mu ina muka ga irin waɗannan motocin?"

Wani zai ce duk wannan zancen Turawa ne, mu nan ina Jaguar, ina Porsche? Gaskiya ne ba a tuntuɓe da Jaguar E-Type ta 1961 a Wunti. Amma abin da muke da shi ba na rainawa ba ne, mu ne dai ba mu san tarihinsa ba.

Fijo 504 da muke kallo a matsayin motar haya ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a cikin taɓo da ƙura da duwatsun Kenya, kuma a lokacin babu tseren da ya fi shi karya mota. A 1978 'yar uwarta mai ƙofa biyu da injin silinda 6 ta sake lashewa. Kafin su, 404 ta ci wannan tseren har sau huɗu a shekarun 1960, Datsun 240Z kuma ta ci a 1971 da 1973. A 1975 ɗin ne aka fara haɗa Fijo a Kaduna, aka ci gaba da haɗa 504 a can har cikin shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Wannan taushin da take bi da gargada, wanda ya sa direbobin haya suka riƙe ta gam, shi ne ya ci mata tsere.

Marsandi 190 da ake wa kallon motar ɗan fansho tana da 'yar uwa mai suna 2.3-16, wadda shahararren direban tseren mota Ayrton Senna ya ci tsere da ita a Jamus a 1984 tun duniya ba ta gama sanin sunansa ba. Golf GTI tun 1976 take. Tsofaffin BMW masu fitila huɗu na shekarun 1980 yanzu a Turai nemansu ake da kuɗi. Duk irin waɗannan sun shigo ƙasar nan, wasunsu na nan a bayan gidaje a GRA da Yelwa da Fadaman Mada, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Mu da aka taɓa haɗa taraktoci da manyan motoci a garinmu, a masana'antar Steyr, muka zuba ido ta durƙushe, ya kamata a ce mun fi kowa jin zafin watsar da ƙarfe mai tarihi.

"Kewar da ce kawai, kuma wasan masu kuɗi ne"

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai wannan a ciki, ban musa ba. Ƙamshin kujerar tsohuwar mota kaɗai ya isa ya tuna wa mutum mahaifinsa. Amma a ba yaro ɗan shekara ashirin da bai taɓa ganin zamanin ba, a koya masa giyar hannu, a bar shi da ita a hanyar Yankari da sassafe, sannan a tambaye shi. Shi ba shi da barar da zai tuna.

Batun kuɗi kuwa, a can waje gaskiya ne abin ya zama na attajirai. A 2022 an sayar da wata Marsandi 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135. Ba wannan nake magana a kai ba. A nan tsohuwar mota ita ce mafi arha a kasuwa. Wanda ya iya canza babbar waya duk shekara, ko ya ciyar da doki, zai iya riƙe 504 guda a inuwa.

Inda muke asararsu shi ne wajen rabon gado. Maigida ya rasu, an zo ƙiyasta dukiya, motar ta shekara biyar ba ta motsa ba, sai wani cikin magada ya ce a kira 'yan gwangwan a huta. Su kuwa ba ruwansu da wace ce, sikeli suka sani. A sa mata gatari da wutar walda, inji gefe, bodi gefe, kafin la'asar an loda a tirela. Motar da za ta tashi da sabon batir da wankin tanki da aikin kwana uku.

Ba hana magada haƙƙinsu nake cewa a yi ba. A sayar, a raba kuɗin yadda shari'a ta ce. Amma kafin a kira masu sikeli, a kira tsohon bakanike ya duba ta, a ɗauki hotonta a sa a Facebook, a jira ko sati biyu ne. Sau da yawa mai son tuƙa ta zai biya fiye da kuɗin kilo. Wanda kuma ya yanke shawarar riƙewa, ya ɗaga ta a kan bulo don tayoyi su huta, ya cire kan batir, ya toshe inda ɓera zai shiga ya ci wayoyi, ya riƙa tayar da ita yana ɗan zagayawa ko sau biyu ne a wata, don zama wuri ɗaya ya fi tafiya kashe mota. Takardunta kuma a sabunta su, kada ranar da aka fito da ita a ƙare a hannun jami'an hanya.